Gadon Ƙarfen Inna da Kauɗar Tumatir

A Nasarawan Doya aka haife ni, can ƙasar Makarfi, aure ne ya kawo ni wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Maigidana manomi ne. Da damina yana masara da waken suya, da rani kuma ya sauka fadama ya yi tumatir da attaruhu. Ni kuwa karatun koyarwa na yi, na karɓi takardata na yi ta yawo da ita ofis-ofis, aiki bai samu ba. Daga baya na ninke ta na sa a ƙasan akwati, na zauna ina rainon 'ya'yana mata biyu, tare da surukata, mahaifiyar maigida, wadda duk gidan muke kira Inna.

Wanda ya zauna a yankinmu ya san halin tumatir. Idan ya tashi nuna, na kowa da kowa ne ke nuna lokaci guda, tun daga Kudan har Ikara. Manyan motoci su zo su ɗebi abin da za su iya su yi Kudu da shi, sauran ya rasa mai tayawa. Na sha ganin maigida ya fita da kwanduna da safe, ya dawo da rabinsu da la'asar, ruwa na ɗiga ta gindin kwando. Sai mata mu yanka mu shanya ya bushe ya zama kauɗa, a ajiye sai damina, lokacin da ɗanyen tumatir ke wuya. Matsalar ita ce a ƙasa ake shanyar. Wasu su share fili, wasu su baza a kan fako, wasu a gefen kwalta inda motoci ke wucewa. Kaji su bi ta kai, awaki su bi. Shi ya sa idan za ki yi miya da kauɗa sai kin wanke ta ruwa uku, kuma duk da haka mai cin tuwo a hankali yake tauna, yana jiran inda haƙori zai gamu da yashi.

Wata rana ina wanke kwanuka ina kifewa a kan 'yar rumfar da muke shanya su, sai tunanin ya faɗo mini. Kwanon da ba ci ake ba ma ɗaga shi muke yi daga ƙasa, me zai hana a ɗaga tumatir? A yi masa gado mai ƙafafu, a shimfiɗa raga yadda iska za ta shiga ta sama da ƙasa, a rufe saboda ƙuda. Ban ƙarasa wanke-wanken ba na shiga ɗaki, na ɗauki littafin makarantar babbar 'yata, na zana gadon a bangon baya.

Daga ranar nan na zama mai ba da labarin gadon shanya. Na faɗa wa maigida, ya saurara har ƙarshe ya ce, "Allah ya nuna mana." Na faɗa wa yayata da ke aure a cikin garin Makarfi ta waya har katina ya ƙare. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a gidan biki. Kuma duk faɗar da zan yi sai abin ya ƙara girma. Gado ɗaya ya koma hamsin. Na ƙara da leda mai tambari, da injin liƙe baki, da shago a Zariya, da mota mai kai kaya Kaduna. Har suna na raɗa wa kamfanin. Da abin ya kai nan, ni da kaina na san babu ta inda zan fara, sai na riƙa cewa ina jiran jari. Rani biyu suka wuce a haka. Gaskiyar magana, daɗin labarin nake ji. Idan na ga mata sun buɗe baki suna cewa, "Kai, mai ilimi daban ce," sai in ji kamar na riga na yi.

Inna ba ta taɓa sa baki ba. Tsohuwa ce 'yar siririya mara yawan magana, wadda ta yi shekaru tana daddawa kafin gwiwoyinta su hana ta. Yawanci tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan kujera 'yar tsugunne, tana tsince wake ko tana jan carbi.

A rani na uku wata ƙanwar maigida ta zo daga Ɗandamisa ta wuni. Bayan azahar na ɗauko littafin na shiga yi mata bayani, tun daga ƙafafun gado har shagon Zariya. Da ta tafi ina kwashe kwanuka, sai Inna ta kira ni.

"Zo nan, 'yar nan. Zauna."

Na durƙusa gefenta na ce, "Ga ni, Inna."

Ta ce, "Wannan labarin naki, ni ma na haddace shi. In an tashe ni daga barci zan iya bayarwa. Abu ɗaya nake son in tambaye ki. Tumatir guda ɗaya tak, kin taɓa ɗora shi a kan wani abu kika ga yadda ya bushe?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Inna. Kayan aikin ne babu."

"Wane kaya?"

Na fara lissafo mata katako da raga da inji. Ta ɗaga hannu.

"Ni da mudun kalwa ɗaya na fara daddawa, a tukunyar da uwar mijina ta daina amfani da ita saboda bakinta ya ɓare. Ta farko ɗoyi ta yi, kare ma bai kusance ta ba. Shiga ɗakina, akwai tsohon gadon ƙarfen nan da na jingine a bayan ƙofa. Ai raga gare shi, kuma ƙafafu huɗu. Ki fito da shi rana. Idan mijinki ya dawo ki ce ya ba ki kwando ɗaya cikin wanda ya yi kwantai."

Kunya ta kama ni. A raina na ji haushi ma, ina cewa ni ina maganar kamfani, ita tana maganar gadon da aka kawo ta da shi tun kafin a haifi mijina. Amma ba a musu da Inna. Na jawo gadon tsakar gida, na kakkaɓe yanar gizo-gizo, na wanke shi.

Washegari da hantsi na zauna da kwandon tumatir da wuƙa. Na raba kowanne biyu kamar yadda aka saba, na jera a kan ragar ƙarfen. Da na gama na tsaya ina kallo. Duk tsawon lokacin da abin yake a bakina babu yadda za a yi ya lalace. Yanzu ga shi a rana, kowa na gidan yana gani.

Ya kuwa lalace. A kwana na biyu na ɗaga guda ɗaya, na ga ƙasansa ya yi baƙi da shatin raga. Ruwan tumatir ya ci ƙarfen, tsatsa ta fito ta kama shi. Ga ƙudaje sun yi masa ca, don ban rufe ba. Masu kaurin ciki kuma maimakon su bushe sai suka yi yauƙi suka fara tsami. A kwana na uku na kwashe duka na kai bola. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi ta leƙa ta ce, "Au, wannan ne kamfanin?" Ta yi dariyarta ta fita. Na shige ɗaki na yi kuka.

Inna ta bar ni na gama, sannan ta aika ƙaramar 'yata ta kira ni. Na same ta riƙe da guda ɗaya da ya maƙale a ragar, tana juya shi a hannu.

Ta ce, "To me kika gano?"

Na ce, "Ƙarfe ba ya yi. Kuma yankan ya yi kauri. Kuma sai an rufe."

Ta ce, "Abu uku ke nan a kwana uku. Shekara biyu kina da takardar zanen nan, ta faɗa miki ko ɗaya?"

Wani abin mamaki, gazawar nan ce ta sa maigida ya ɗauki maganar da gaske. Da yana jin ta kamar labarin rediyo. Da ya ga na yi har na faɗi, sai da yamma ya ce in ba shi littafin ya gani. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce akwai wani dattijon kafinta a Hunkuyi da ke yi wa masu kiwon kaji keji, gobe in shirya mu je.

A bayan babur muka tafi. Shagon kafintan rumfa ce kawai a bakin hanya, cike da ɓawon katako. Bayan doguwar gaisuwa, ta gida da ta aiki da ta zafin rana, maigida ya ce, "Baba, iyalina ce ke da magana." Na miƙa littafin da hannu biyu. Dattijon ya sa tabarau ya duba, ya shiga jero mini tambayoyin da ban taɓa yi wa kaina ba.

"Wa zai ɗaga shi idan hadari ya taso, 'yata? Ke kaɗai ko ku biyu?"

Na ce, "Ni kaɗai, Baba, ko da wata."

"To wannan da kika zana ƙarti huɗu ba za su ɗaga shi ba. Kuma kin yi masa tsawo, iska za ta kifar da shi. Hannunki zai kai tsakiya idan za ki juya tumatir?"

Ya sa na miƙa hannu a kan teburinsa, ya auna da ma'auninsa, ya ce faɗin gadon kada ya wuce ninki biyu na wannan. Ya ce a raba ƙafafu daban, faifan sama daban, yadda mace ɗaya za ta iya cire shi ta shiga ɗaki da shi. Ya ɗauko wata ragar roba da yake sa wa kejin 'yan tsaki, ya ce wannan ba ruwanta da tsatsa. Abin rufi kuwa, ya ce in nemi tsohon gidan sauro in wanke shi tas. Bai yi mini dariya ba ko sau ɗaya. Har ya ce wa maigida, "Matarka ta yi tunani. Ni ma haƙorina guda a miyar kauɗa na bar shi."

Guda biyu ya yi mana. Da aka kawo su a kan amalanke, na sake zama da wuƙa. Wannan karon na zaɓi tumatir mai ƙarfi, na wanke, na yanka shi siriri gida huɗu, na barbaɗa gishiri kaɗan kamar yadda Inna ta ce. Na ja gidan sauro na ɗaure a ƙafafun. Kullum da azahar in juya, da magariba in shigar da faifan ɗaki saboda raɓa. Rana ta bazara ta yi aikinta. A kwana na biyar na ɗauki guda na lanƙwasa, ya yi ƙaras. Jajir yake kamar barkono, ba irin baƙin da muka saba gani ba, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.

Inna ta ce ita za ta yi miyar ranar. Ta jiƙa shi a ruwa ɗaya, ta ɗaga kwanon ta nuna mini gindinsa, babu komai a kwance. Da maigida ya zauna cin tuwo na laɓe a ƙofar kicin ina kallonsa. Loma ta farko a hankali ya tauna, yadda ya saba. Ta biyu ma haka. Daga ta uku sai na ga ya manta, ya shiga ci kawai. Da ya gama ya ɗaga murya ya ce, "A ƙaro miya." Inna ta dube ni, ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da jan carbinta.

Kafin tumatir ya ƙare a fadama na tara buhu uku. Na zuba a manyan ledoji, na ɗaure, na ɗora a kan katako a ɗakin ajiya. Ina ganin wahala ta ƙare, ashe rabi na yi.

Da damina ta yi nisa, ɗanyen tumatir ya yi tsada, na nemi izinin maigida na ɗauki buhu ɗaya na tafi Makarfi ranar kasuwa. Yayata ta raka ni layin masu kayan miya. Duk wanda na buɗe wa sai ya yaba, ya damtsa ya sansana, sannan ya taya daidai da yadda yake sayen ta ƙasa. "Hajiya, kauɗa ai kauɗa ce," in ji ɗaya. "Mai saye arha yake nema." Wani kuma ya ce zai ɗauka duka, don idan ya gauraya da tasa za ta ƙara mata kyan gani. Da na ji haka na ɗaure bakin buhuna. Muka koma gidan yayata da kayanmu, ƙafafuna duk taɓo.

Ina zaune ina wanke ƙafafuna, yayata ta ce, "Ke, kin kai kayanki wurin masu sayarwa ne. Su ba su suke wankewa ba. Ki kai wa mai dafawa." Ta ce tana da wata ƙawa mai sayar da abinci a tashar Ikara, wadda ke ɗora tukwane manya-manya tun safe. Ta ce in ɗebi mudu biyu kyauta, ita za ta ba wani direban unguwarsu ya kai mata. Na ɗiba ba don na yarda ba, na rubuta lambar wayata a takarda na jefa a ledar.

Kwana goma shiru. Na riga na fara tunanin mu cinye abinmu a gida. Ranar wata Talata da hantsi ina tankaɗe, waya ta yi ƙara. Muryar wata mata ce mai kauri, ana ta hayaniyar tasha a bayanta. Ta yi sallama, ta tambayi maigida da yara da ruwan sama, sannan ta ce, "Ke ce mai kauɗar nan?"

Na ce, "Ni ce, Hajiya."

Ta ce, "Baiwar Allah, ina kike tun da? Ni ruwa saye nake a wurin 'yan ga-ruwa. Jarka biyu nake ƙararwa a wankin kauɗa kaɗai, kuma sai direbobi sun yi mini tsiya. Taki jiƙawa kawai na yi na kai markaɗe. Har wani ya ce wai a ina na samo ɗanyen tumatir a wannan watan. Nawa gare ki a ƙasa?"

Na faɗa mata. Ta ce kada in sayar wa kowa. Da na ajiye wayar, na ruga wurin Inna da rariya a hannu, gari duk a zanena. Ta saurara, ta ce, "Alhamdu lillahi. To je ki ƙarasa tankaɗenki."

Matar nan ta yi mini abin da ban roƙe ta ba. Ita ta faɗa wa sauran masu abinci na tashar, ita ta haɗa ni da masu girkin wata makarantar kwana. Ta kuma gaya mini gaskiya idan na yi kuskure. Akwai lokacin da na yi gaggawa na ɗaure wani kashi bai gama bushewa ba, ya yi fumfuna a tsakiya. Ta kira ni ta yi mini faɗa kamar uwa, ta ce in zo in gani da idona. Na je na gani, na canza mata, ban sake ba.

Rani na gaba gadaje suka zama shida, na bayansa goma sha biyu, har maigida ya yanka mini wani yanki na bayan gida ya kewaye da zana. Hannuna ya kasa, sai matan unguwa huɗu suka riƙa zuwa muna yanka tare, ciki har da maƙwabciyar da ta yi mini dariya. Ita ce ma ta fi kowa saurin wuƙa. Tumatirin maigida ya daina isa, muka fara karɓar na maƙwabta da na dangin maigida da ke Ɗandamisa. Shagon Zariya dai har yau babu shi, mota ma babu. Leda mai tambari sai bara na yi, kuma masu saye ba su damu da ita ba, buɗewa suke su duba abin da ke ciki.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta ruwan farko na wata shekara. Ƙanwata ta haihu, na tafi suna Nasarawan Doya, na bar gadaje goma sha biyu cike da tumatir na kwana uku, wanda ya kusa kammala. Sama fes take da na fita. Ana cikin rabon abinci bayan azahar sai gabas ta haɗe, iska ta taso. Maigida yana fadama, wayarsa ba ta shiga. Na yi sallama a tsaitsaye na nemi mota. Tun kafin mu kai Hunkuyi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin mota ina ta salati, na riga na sallama kayan.

Na shiga gida a jiƙe sharkaf na zarce bayan gida. Ƙafafun gadaje ne kawai a tsaye cikin ruwa, babu faifai ko ɗaya. Na dawo tsakar gida, sai na ji hayaniyar mata a ɗakin Inna. Na ɗaga labule. Faifan tumatir ne a kan gadonta, da kan akwatinta, da ƙasa. Aka ce in leƙa ɗakina, nan ma haka. Ɗakin maigida, zaure, har kicin. Biyu ma suna gidan maƙwabta. Ashe Inna tun da ta ji iskar ta canza ta dogara sandarta ta fita ƙofar gida, ita da rabonta da fita an daɗe, ta tsaya tana ƙwala wa mata kira gida-gida. Suka fito, wata da goyo, wata ta bar tuwo a wuta, suka kwashe tas kafin ɗigon farko.

Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule. Maƙwabciyar nan tawa ta ce, "Ke, shigo mana, kina jiƙa mana kamfani." Ɗakin ya kwashe da dariya, ni ma ina dariya ina share hawaye. Na durƙusa gaban Inna zan yi godiya, ta ce in tashi in canza kaya kada sanyi ya kama ni, sannan in dafa wa mutane shayi.

Muka sha shayin a tsaye, don babu wurin zama. Kwana biyu gidan yana ƙamshin tumatir, maigida a tabarma ya kwana a zaure tsakanin faifai biyu. Da rana ta fito muka mayar da su, suka ƙarasa bushewa lafiya.

Inna ta rasu a daminar da ta biyo baya, bayan 'yar gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Dattijon kafinta yana nan da ransa, idanunsa ne suka yi rauni, duk sallah nakan aika masa da kauɗa mudu guda. Hajiya mai abinci kuwa jiya ma ta kira, wai in fara gwada mata attaruhu. Na ce mata to, na riga na yanka kwano ɗaya yana rana.